Ƙafata ta Baya ta Hagu

Ni karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu, amma ilimin jari-hujja a gona na yi shi, har da jarrabawa, na kuma faɗi.

A shekarun farko na Shari'a, mutanen ƙauyenmu da ke kusa da Dutsi suka tsani duk wani abu mai warin kuɗin ruwa na banki. Huɗa kuwa sai an yi. Akwai tantan, motar noma ta gwamnati, aka ce na kowa ne, shi ya sa ban taɓa ganin sa a gonar kowa ba sai ta surukin kansila. Akwai shanun Alhajin garinmu, shi kuma farashinsa da hadari yake tashi.

Ɗan ƙanwata, malamin sakandare ne a Daura, ya zo ya zauna a zaurena yana lissafa mini da yatsu. Wai a Amurka mai dukiya abin da ya so yake yi, a Sin gwamnati ke riƙe da igiya, a Jamus kuma har ma'aikaci yana da ta cewa.

Na ce, "Ɗana, Alhaji shi ne Amurka, tantan shi ne Sin. Ina Jamus?"

Ya ce, "Kawu, ku za ku zama Jamus. Ku haɗa hannun jari."

Liman ya ce halal ne. Mu takwas muka sayo shanun huɗa biyu, ja da baƙi, a kasuwar Mai'aduwa. To mu haɗin gwiwa a kan dabba iri ɗaya muka sani, watanda, inda ake yankawa a raba nama. Haka muka raba su da ransu, kowa ƙafa ɗaya. Ni na samu ta baya ta hagu a jikin jan. Muka kafa doka, liman ya shaida: ranar huɗa da ƙuri'a, ba tsallake layi. Na fito na takwas, ga gonata ita kaɗai ce abincin gidana.

Ƙafafu muka raba, muka manta da baki. Da na kai dusa kwana biyu, sai na lura ƙafa huɗu ke ƙiba da ita, uku ba nawa ba. Na daina. Ashe sauran bakwai ɗin ma masu hankali ne kamata.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, huɗa ta zo. A gonar mutum na uku jan san ya durƙusa ya ƙi tashi. Maƙwabcina, mai ƙafar gaba, ya dube ni ya ce, "Malam, taka ce ta fara rawa, na gani."

Na ce, "Ƙarya kake, tsoho! Tawa bin taka take yi."

Na roƙa a haɗa mini baƙin da jaki ko da wuni ɗaya, ciyawa na cinye mini gero. Liman ya ce doka ba ta ambaci jaki ba, kuma layi bai iso kaina ba.

Ranar Juma'a mahauci ya zo ya yanka jan. Wannan karon rabon ya tafi daidai, ba wanda ya yi gardama, don aikin da muka iya ke nan.

Washegari na sa hula na tafi Amurka. Na samu Alhaji a ƙofar gida yana kallon gabas. Ya faɗi farashinsa, na ajiye masa rabin cinyar a matsayin gaisuwa.

Ya ɗaga ta ya juya, ya ce, "Wannan san bai ci abinci ba."