Sojojin Dankali

Ulrike Pagel ba ta taɓa riƙe bindiga ba, amma duk lardin Pomeraniya babu macen da ta kai ta halartar yaƙi. Shekara kusan ashirin tana ganinsa kullum da tsakar rana, a kan tebur, kuma ita ke wanke filin daga idan an tashi.

'Yar mai kiwon agwagi ce, ta taso da hannun girki da harshe mai kaifi. Jochen Pagel, wani dogo mai yawan dariya, ya aure ta yana faɗa wa kowa don curin dankalinta ya yi, ba don halinta ba. Gaskiya ya faɗa, ita ma ba ta musa ba. Ba su shekara biyu ba aka tashi yaƙi da Faransa, aka kira shi, ya tafi yana kofur a rundunar Kanar Botho von Molzin.

Shi Molzin tun yana ɗan shekara goma sha biyu aka saka shi cikin kaki, bai sake sanin wata riga ba. Ya yaƙi mutanen Danmak, ya yaƙi na Ostiriya, duk ya fito lafiya sai gwiwa ɗaya. A Faransa ne ya tarar da wata gada, ya ce a haye da safe ba tare da an leƙa dajin da ke tsallake ba. Ashe igwa ce cike a dajin. Jochen ne a gaba, bai dawo ba. Da yamma wata runduna ta gano mashigi can ƙasa ta haye ruwa iya gwiwa, ko takalmi ba ta rasa ba. Duk da haka aka rataya wa Molzin lambar yabo, aka yi masa Janar, don manya ba sa son a ce mutane sun mutu a banza.

Da ya yi ritaya ya dawo gidan gonarsa, ya aika aka kira matar kofur. Ta zo da shirin jin ta'aziyya. Ya dube ta ta saman gashin bakinsa ya tambaya ko ta iya girki. Ta ce ta fi wadda ke yi masa yanzu, alhali ko sanin matar ba ta yi ba. Washegari ta kama aiki. Maganar gada kuwa ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Yana kiranta Pagel kamar soja, tana ce masa ranka ya daɗe kamar mai zagi.

Abin da ba a gaya mata ba shi ne Janar ba ya cin abinci sai ya sake yaƙin. Yankan burodi ne gada. Romo ne kogi, kuma a kan farin ƙyallen tebur yake kwarara shi. Kabeji Faransawa ne a daji. Curin dankali sojojinsa, kwalbar gishiri kuwa shi da kansa, tana can baya bisa kifaffen kofi tana ba da umarni. Ya tura su ta dama, ya tura su ta hagu, kullum igwa na samun su. Lokacin da uwargidansa ke raye abin da sauƙi. Takan bar shi ya yi asarar rabin runduna, sannan ta buga cokali a kofi ta ce yaƙi ya ƙare, Botho, ci abincinka. Sai ya ci kamar yaro.

Uwargida ta rasu da kaka, aka rasa mai buga cokali. Nan fa aka shiga uku. Sojojinsa dai ba zai ci ba, wane kwamanda ne zai cinye mutanensa? Kabeji ba a ci shi da yaƙi ba tukuna, balle a ci shi da baki. Gada kuwa idan ya taɓa ta, ta ina za a haye? Tire ya riƙa komawa kicin yadda ya fito, sai dai a sanyaye kuma a jere. Kakinsa ya fara lilo a jikinsa. Likita Hennig ya tsaya a ƙofar kicin ya gaya wa Ulrike ƙiri-ƙiri, in dai mutumin nan bai koma cin abinci ba, ba zai ga narkewar ƙanƙarar hunturu ba.

Ta ce ina ruwanta, ya mutu mana. Ta juya ta hura wuta.

Ta fara da dabara. Ta dama masa kunun hatsi, abin da ba shi da siffar da za a jera. Ya duba ya ce madalla, ga fadamar da ke gabas da gada, ya dasa mata cokali a matsayin tuta. Ta kawo wake, ya yi murna ya ce yau ga dakarun ƙari. Ta kawo ƙwai ɗaya tak, ya ce ɗan leƙen asiri ne, ya tsare shi ƙarƙashin kofi har yamma. Ta ɓoye kwalbar gishiri, ya zauna hannu a cinya ya ce runduna ba ta motsi babu kwamanda. A kicin Ulrike ta zage shi, ta zagi Faransa, ta zagi wanda ya fara gina gada a duniya, har agwagin tsakar gida suka yi tsit.

Abin da ya fi ci mata rai ba ɓarnar abincin ba ne. Ta daɗe da sanin cewa da ta fita ta ja ƙofa yakan kira curin da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa mance ko ɗaya ba. Na gaba kullum Kofur Pagel ne. Ta tsani tsohon nan saboda gadar, kuma tausayinsa na neman kashe ta, ta rasa wanda za ta ajiye.

Wata Lahadi ta yi curin yadda Jochen ke so, da soyayyar albasa a ciki. Ta kai, ta fita, ta tsaya bayan ƙofa har ta ji an kira sunan. Sai ta dawo, ta ja kujerar uwargida ta zauna. A gidan nan ko fasto sai an ce masa zauna. Gashin bakin Janar ya miƙe.

"Pagel, kin haukace ne? Kina cikin filin daga."

"Na fi ka sanin filin nan, ranka ya daɗe, ni ke wanke shi."

Ta ɗauki cokali mai yatsu ta soke curin da ke bakin gada. Janar ya ɗaga hannu, ya ce ta ajiye, wannan kofur ne.

"Na san ko wane ne. Mijina ne, na fi ka iko da shi. Shekara ashirin kana tsai da shi a bakin ruwa cikin sanyi, ya isa haka."

Ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye, hawaye na zuba tana hararar sa.

"To, na kai nawa gida. Sauran naka ne. Ba za su haye gadar nan ba, ko yau ko gobe. Ka kwashe su ka kai su inda ke da ɗumi."

Janar ya daɗe yana kallon gurbin da curin ya bari a kan ƙyalle. Ulrike ta zaci korarta zai yi, har ta fara tunanin wace tukunya ce tata a kicin. Sai ya gyara zama, ya sara wa tebur, ya kira sunan na biyu a hankali, ya ɗauke shi ya ci. Ya kira na uku. Wajen na biyar ya daina kira, don baki a cike yake. Ita ta ji da Faransawa, tunda ba ta da wata alaƙa da su, gada kuma suka raba biyu suka shafa mata man shanu.

Ya ga narkewar ƙanƙara, ya ƙara ganin wasu shida, kuma daga ranar tare suke cin abinci suna faɗa. Amma a ranar, da ya share farantin, ya goge gashin baki, ya yi gyaran murya kamar mai shirin faɗin abin da ya riƙe shekara ashirin. Ulrike ta ajiye cokali tana jira.

"Pagel," ya ce, "gishiri ya yi kaɗan."

Ta sauko da Janar na kwalba daga kan kofinsa, ta dangwara masa a gaba.