Durƙuson Jar Riga

A ofishin da ke kai baƙi yawo cikin kwazazzabo, ba mai kiran dattijon da sunansa. Jar Riga ake ce masa. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bakin titi: teburi, benci, takalman roba jere a gindin bango, igiyoyi rataye a ƙusa. Mai ofishin ɗan ƙanwarsa ne. A hannun dattijon ya tashi, shi ya koya masa ƙetare ruwa da kaya a ka.

Aikin Jar Riga kashi biyu ne. Yana ɗaukar wa masu hoto jaka da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara, ya bi da su ta cikin kogi, inda duwatsu suka matse har mutum ya iya taɓa bango biyu da hannuwansa. Kashi na biyu tsayuwa ce. Masu hoto sun ce dutse ba ya nuna girmansa sai an ga ɗan Adam a gindinsa. Sai su tura shi can nesa, ya saka jar riga, ya juya baya, ya tsaya ƙiƙam. Hotunansa sun shiga kalanda, sun hau bangon otal-otal, amma ko matarsa sai ta ƙanƙance ido kafin ta ce, "Wannan ɗigon kai ne?"

"Ni ne."

"Lallai, Malam, ƙeyarka ta fi fuskarka kasuwa."

Da shekaru suka ja, gwiwarsa ta dama ta fara ciwo. A banɗakin bayan ofis yake naɗe ta da bandeji don kada a gani. Amma ɗan ƙanwar yana da ido.

"Kawu, na ga kana jan ƙafa."

"Takalmi ne."

"Wannan takalmi ya daɗe yana cizonka. In ka gaji ka faɗa. Ga direba nan, shi ma Allah ya ba shi ƙeya."

Na kan benci suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, don ba shi da wata sana'a, 'ya'yansa mata biyu kuma ba su gama makaranta ba.

Ana cikin haka wani mai hoto ya zo, dogo mai tabarau, mai ladabi ƙwarai. Komai sai ya ce Baba. Suka shiga ruwa tun da safe, sanyinsa na ratsa ƙashi, suka kai wata kwana inda rana ba ta leƙowa sai ta zo tsaka, shi ma na ɗan lokaci. Mai hoton ya nuna wani leɓen dutse da ya fito daga jikin bango, duk gansakuka. Jar Riga ya dube shi, ya dubi gwiwarsa, ya saka oba-oba, 'yar rediyon da za su riƙa magana da ita, a aljihu, ya hau.

Gajimare ya tare rana. Aka yi ta jira. Ƙafar ta sandare. Da ya so ya mayar da nauyinsa kan ɗayar, sai santsi ya kwashe shi, gwiwar ta yi ƙara kamar an karya busasshen itace. Ya zube a durƙushe, hannu ɗaya ya damƙe dutse, kai ya rataya. Daidai nan haske ya zubo cikin kwazazzabon.

Oba-oba ta yi magana daga aljihunsa. "Yauwa! Haka nan! Baba, kada ka ɗago."

Ya lalubo ta da ƙyar. "Ranka ya daɗe, ƙafata..."

"Na ji, na ji. Mayar da hannun inda yake. Ƙara sunkuyar da kai kaɗan. Allah ya yi maka albarka."

Ya mayar da hannun. Ya san in baƙo ya koma ofis da ƙorafi, gobe direba ne zai saka rigar. Ya cije har hasken ya wuce. Mai hoton ya duba abin da ya ɗauka, ya goge gilasan kyamararsa, ya shirya su cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tafi kiran mutane.

Likita ya ce gwiwar ta gama hawan dutse. Hoton kuwa ya yi suna. Aka buga shi babba, aka kafa a bangon ofis, baƙi suka riƙa zuwa suna nuna shi da yatsa suna cewa irinsa suke so.

Ɗan ƙanwar ya je duba kawunsa a gida. Ya gaishe shi har ƙasa, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya tambayi rigar.

"Sau nawa na ɗinke hammatar rigar nan da hannuna?" in ji matar.

"Na sani, Inna. Amma kayan ofis ce."

Da ɗan ƙanwar zai fita, Jar Riga ya ce ko wankin takalma ne a ba shi, zai iya yi daga zaune. Ɗan ƙanwar ya ce za a duba.

Bayan wasu makonni mota ta tsaya a ƙofar gida, aka ce ana nemansa a ofis. Ya yi aski, ya saka kayansa masu kyau, ya ɗauki sanda. Ya tarar da bencin cike, direba na tsaye cikin jar riga, ta yi masa kaɗan a kafaɗa.

"Kawu, taimako za ka yi mana. Wannan sakaran ya kasa durƙuson. Baƙi sun ce kamar mai neman makullin mota."

"Aikin takalman fa?"

"Mu gama da wannan tukuna."

Jar Riga ya jingine sandar a teburi. Ya dafa bango, ya sauka a hankali har gwiwar ta taɓa siminti. Zufa ta karyo masa, wuyansa ya ɗauki rawa.

"Ka gani?" in ji ɗan ƙanwar, yana zungurar direba. "Wuyan za ka duba." Ya juya. "Tashi ka sake, Kawu. Bai kama ba."