Turakun da Baba Kofur Ya Tumɓuke

Ranar wata Asabar ce lokacin cirar gyaɗa, ina aji huɗu a firamare, 'yan shekaru kaɗan bayan an mayar da Bauchi babban birnin jiha. Ina tsugune a gonarmu ta Tirwun ina kakkaɓe ƙasa daga saiwar gyaɗa, sai ga mota ta tsaya a bakin hanya. Mutum uku suka fito da igiyar awo da turakun katako masu jan fenti a ka. Ko sallama ba su yi ba, suka shiga kafawa tun daga gindin ɗorawa har bakin rijiya. Kakana, wanda duk unguwa ke kira Baba Kofur, ya jingina da ƙotar fartanya yana kallonsu har suka gama. Sannan ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya yana tumɓukewa, ya ɗaure su da igiyar rama, ya aza mini a ka. "Kai wa Iya, amaryata, ki ce ga itacen tuwo." Haka yake kirana cikin wasan jika. Na bi ta gaban mutanen, ban waiwaya ba.

A bakin murhu Iya, kakata, ta ba ni tarihin da sai ranar na ji shi a jere. Baba Kofur ɗan cikin gari ne, haifaffen unguwar Ɗan Iya. Yana saurayi aka kwashe su zuwa yaƙin Bama. Da aka daɗe babu labari, wani ya zo ya ce ya ga gawarsa. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, wansa ya haɗa rabonsa na gidan ubansu da nasa. Da ya dawo, kunne ɗaya a toshe saboda ƙarar igwa, sai ya tarar an rushe ɗakinsa an ɗaure jakai a wurin. Yaran unguwa suka riƙa gudu suna cewa ga fatalwa. Wan nasa ya ce abin da aka raba ya rabu. Bai je gaban alƙali ba, bai kuma kwana a gidan ba. Ya saɓa gatari ya fita bayan ganuwa, ya nemi izinin mai gari, ya sari dajin da ko masu kiwo ba sa son bi saboda kuraye. Shi ya haƙa rijiyar da hannunsa, shi ya kafa bukkar da daga baya ya kawo Iya cikinta. Yakan ce, "An yi mini addu'ar mamaci, ni kuwa ban ga dama ba."

Mu mun tashi ne gidan ya riga ya cika. Rumbuna a jere, turken awaki a kusurwa, ga tsamiyar da muke lilo da 'yar gala-gala a ƙarƙashinta. Da asuba mu ja ruwa, mu share tsakar gida, mu kai wa maza kunu gona kafin mu ruga makaranta. In kakana ya ga mun yi jinkiri sai ya jera mu kamar sojoji, tabarya a kafaɗa, ya sa mu maci har ƙofa. Maƙwabcinmu na farko Baba Yohanna ne, mutumin kudancin Bauchi da suka yi soja tare. Kakana ne ya yanka masa gefen gona kyauta. Da 'ya'yansa muke korar tsuntsaye a gero, muna cin tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti a kwano ɗaya.

Washegarin tumɓuke turakun aka gane mai aikin. Alhaji Sale ne, ɗan wan kakana, ya sayar wa wani attajiri gonar a kan cewa gadon gidansu ce. Aka taru a zauren mai unguwa. Kakana ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki da ta riga ta yi masa yawa, ya riƙe hannuna muka shiga tare, don ni ce mai maimaita masa magana a kunnen da ke ji. Alhaji Sale ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ka tsufa, gari kuma ya iso nan. Ka karɓi rabonka ka huta." Na faɗa masa. Sai kakana ya ce, "Ubanka ya gaje ni ina raye, na ƙyale shi. Wannan ba gadonta na yi ba, saranta na yi. Ka nuna mini kututture ɗaya da gidanku ya tone a nan, in tashi yau." Sai Baba Yohanna ya buɗe tafin hannunsa, ya nuna tabon da gatari ya bar masa ranar da suka kayar da ƙiryar bakin rafi. Mai unguwa ya ce a mayar wa attajiri kuɗinsa, gona ta mai ita ce. Da muka fito kakana bai yi fara'a ba. Cewa ya yi mu yi sauri, gyaɗa na jiran mu.

Bai daɗe sosai bayan haka ba ya rasu, aka rufe shi a gefen gonar kamar yadda ya yi wasiyya. Kawunnaina suka sayar da rabonsu kaɗan-kaɗan, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da ɗawainiyarsa. Yanzu gidajen bulo sun zagaye wurin, Keke Napep na bi ta inda rumbuna suke, yaran unguwar ba su san an taɓa jin kukan kura a nan ba. Rabon mahaifiyata ne kawai ya rage, yana hannuna. Dillalai na zuwa da daɗin baki, in ba su ruwa su sha, in raka su ƙofa. Duk damina ina shuka shi, ko da abin da zan samu bai cika buhu ba.

Ba yawan amfanin nake nema ba. So nake a wuce a ga har yanzu da mai wurin.