Hannun Ɗana a Gefen Talabijin

Ɗana na biyu dogo ne, tsawon ubana ya ɗauko. Ko ƙofar coci sai ya sunkuya yake shiga. Soja ne. Aka tura su aikin kwantar da tarzoma wata ƙasa, ya tafi bai dawo ba. Akwatin kayansa aka kawo mana Zuru.

Bayan an girbe dawa sai ga abokin aikinsa, wani saje mutumin Ribah, ya zo gaisuwa. Ya ce, "Mama, ina da shi a kaset, ranar faretinmu na ƙarshe. Jibi zan koma bakin aiki. Mu je a juye miki a faifai."

Muka hau babur har kasuwa, shagon wani mai juye fina-finai. Saje ya miƙa masa kaset, ya tafi neman mai.

Da mutumin ya kunna, sai na ga baƙi a sama, baƙi a ƙasa, sojoji a tsakiya ƙanana kamar tururuwa a kan igiya. Ban iya gane fuskar kowa ba.

Na ce, "Kai, wannan baƙin ƙyallen fa? Makokin da na yi bai isa ba, sai ka ɗaura wa hoton ma?"

Ya ce, "Mama, kyamarar mai faɗi ce, talabijin kuwa ba ta kai faɗinta ba. Ko in ƙanƙance hoton ya shiga duka, a ga baƙin nan, ko in cika gilashin, gefe da gefe su tafi."

"Mene ne a gefen? Ba itatuwa ba ne?"

"Akwai mutane, Mama."

To ni kuwa na riga na gayyaci matan zumunta na cocinmu su zo kallo. Shekara da shekaru ni ke ba su labarinsa suna sakin baki, yau kuma in nuna musu ɗana kamar tururuwa? A raina na ce, mutum mai tsawonsa ai tsakiya za a sa shi. Na ce, "Cika shi." Ya sake buɗe baki, na ce, "Na haifi wanda ya girme ka. Cika shi."

Ya cika.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, mata suka cika mini ɗaki. Ga kwamanda a tsakiya, ƙato, har zufar goshinsa ana gani. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, babu ɗana. Sai can a ƙarshen dama na ga kafaɗa da hannu kawai. Na gane hannun, don akwai tabon lauje a bayansa tun yana ƙarami.

Maƙwabciyata, matar tsohon soja, ta ce a hankali, "Yaya, ba ki sani ba? A fareti dogaye ake sa wa a gefe."

Sai matan suka riƙa zamewa ɗaya ɗaya.

Na aika wa saje saƙo ya dawo mini da kaset ɗin a sake juyewa. Sai da damina ta faɗi amsa ta iso: ya ɗauka na riga na samu nawa, an ɗauki bikin ƙanwarsa a kan kaset ɗin, faretin ya goge.

Faifan yana nan, naɗe cikin zane. Nakan sa a kunna mini. Akwai wurin da suke sara wa kwamanda, sai hannun ya tashi sama wajen goshi, ya fice daga gilashin, gwiwar hannu kaɗai ta rage. Nakan zauna in jira ya sauko.