Mutumin da Ke Fasa Kasake

A gidan Baffana na tashi, a unguwar Ɗan Iya, domin mahaifina ya rasu tun ina goye. Ƙarƙashin gadona akwai akwatin ƙarfe cike da littattafan soyayya, wasu na saya, wasu na ara ban mayar ba. Daga cikinsu na koyi duk abin da nake zaton na sani game da maza. Sun nuna mini cewa namijin kirki yana zuwa da ƙamshin turare da murya mai sanyi, kuma duk wanda ya ɓoye maka abu, to ko mace ce a bayansa, ko boka.

Wanda ya fito neman aurena ma'aikacin gwamnati ne, mai auna filaye. Dogo ne, ba ya son hayaniya, idan ya yi murmushi sai ya sunkuyar da kai. Manyansa sun zo da goro da alewa, saura kawai a sa rana. Baffa ya ce a dakata ya gama bincike tukuna, kamar yadda ake yi wa kowane mai neman aure. Ban damu ba. Me za a samu a jikin mutumin da ko ƙofar mota ba ya bugawa da ƙarfi?

Ranakun Asabar ne suka fara damuna. Tun safe wayarsa a kashe, sai bayan la'asar ya zo zance a gajiye. Idan na miƙa masa ruwa, da hagu yake tallafe hannun damansa, kamar kafaɗar na ciwo. Ƙarƙashin turarensa kuma akwai wani wari irin na ashanar da aka ƙyasta. Wata Asabar na hango auduga a kunnensa.

"Yallaɓai, yau kuma kunne ke ciwo?"

Ya ciro ta da sauri ya cusa a aljihu. "Iska ce, a kan babur."

"Ai da mota ka zo."

Ya yi dariya. "Ranki ya daɗe, da aikin ɗan sanda kika nema da tuni kin yi nisa."

Na taya shi dariyar. Wannan ce ƙarya ta farko da na kama a bakinsa.

Goggo, ƙanwar mahaifina da ke unguwar Fadaman Mada, ita ta zo da sauran labarin. Ta je kasuwar Muda Lawal saya mini kaskon turaren wuta cikin kayan ɗaki, sai ta hango shi a rumfar masu tukwane yana loda kwali a mota. Ta laɓe har ya tafi, sannan ta zauna ta ja mai tukwanen da hira. Matar ta ce duk Juma'a yake zuwa. Wasu ƙananan kasake yake sa a gina masa, faɗin tafin hannu, marasa kauri, ba gindi ba marfi, a shafe su da jar ƙasa. Ba sa riƙe garwashi, ba sa riƙe miya. Wani mai keke da ke jin hirar ya sa baki, ya ce ya taɓa kai kwalin wata gona bayan gari, can ake fasa su ɗaya bayan ɗaya, ana harba bindiga.

Goggo ta faɗi wannan a tsakar gida, mayafinta na zamewa. "Yaya, jan kasko! A daji! Da bindiga! Wallahi ko jinjiri ya san tsafi ne. 'Yar marainiyar Allah za ka miƙa wa ɗan ƙungiyar asiri?"

Baffa bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi idan maganar ta tabbata, za a mayar musu da goronsu.

Na shiga ɗaki na yi kuka, sannan tunani ya fara yawo da ni. Na tuna yadda na kamu da sonsa tun ranar farko, ni da na kori samari da dama. Shin son nawa ne, ko a cikin jan kasko aka haɗa shi? Har turaren da ya ba ni na ɗauke daga gaban madubi na kai bayan ɗaki.

Da mai neman auren nawa ya zo, ban ko shimfiɗa masa darduma ba. Na tambaye shi kai tsaye me yake yi da kasaken.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba. Ki ba ni lokaci in nemi izini."

"Izinin wa?"

"Na babbanmu."

Babbanmu! Na juya na shige gida na bar shi tsaye a zaure. Baffa ne ya fita, ya gaya masa cewa ko dai ya gani da idonsa, ko kowa ya kama gabansa.

Asabar ta gaba da hantsi muka bi motarsa, Baffa na tuƙi, ni da Goggo a baya. Goggo ce ta dage sai an tafi da ni, wai in ga abin da idona don kada in riƙe su a rai. Tun daga gida take jan carbi. Muka bar kwalta, muka ratsa tsakanin duwatsu har wata gona mai shinge. Wani dattijo mai farin gemu ya tare mu da fara'a, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya. Shi ne babban nasu. Ya nuna wa Baffa lasisin bindigoginsa, ya ce shi ya hana yaran magana, domin a wannan zamani idan aka ji akwai bindiga a gona, ɓarayi ne za su fara kawo ziyara.

Mutanen ba su da yawa, kowa da auduga a kunne. Gefe guda akwai wani ƙarfe mai hannu da maƙeri ya haɗa musu. Aka ɗora jan kasko a kai. Mutumina ya karɓi bindiga mai baki biyu, ya zura harsashi, ya manna ta a kafaɗa, ya kwantar da kumatunsa a kanta.

"Saki!" ya ce wa mai kula da ƙarfen.

Kaskon ya tashi sama kamar tsuntsun da aka firgita. Bakin bindigar ya bi shi a hankali, sai ƙara, sai jan gari ya watse a sararin sama ya sauko. Duwatsu suka maido da amon. Goggo ta yi salati ta ƙanƙame ni. Ni kuwa fuskarsa nake kallo. Ban taɓa ganin ta haka ba, a ɗaure, ido ɗaya a runtse, babu kunya a cikinta ko kaɗan. Ya yi mini kyau har na ji tsoro, don wannan mutumin bai taɓa zuwa zaurenmu ba.

"To wai me kaskon ya yi muku?" in ji Goggo. "Ba a ci, ba a sayarwa?"

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wasa ne, Hajiya. A da tsuntsaye muke harbi, muka ga gara yumɓu, shi ba ya da rai."

"Wasa da bindiga? Allah ya shirya."

Dattijon ya miƙa wa Baffa bindiga ya gwada, Baffa ya harɗe hannuwansa a baya. Sai Baffa ya kira mutumina gefe, amma iska ta kawo mini maganar. Ya ce ya gamsu ba tsafi ba ne, sai dai abu biyu. Bindiga ba za ta kwana a gidan da 'yarsa take ba.

"Na amince, Baffa," ya amsa nan take.

"Na biyu, duk inda za ka, matarka ta san gaskiyar wurin. Wanda ya iya ɓoye wannan wata da watanni, ban san iyakar abin da zai iya ɓoyewa ba."

Kafin ya amsa wannan, sai da ya waiwaya ya dubi dattijon. Dattijon ya gyaɗa kai kaɗan, sannan mutumina ya ce ya amince. Baffa yana gyara hularsa a lokacin, Goggo na kakkaɓe zaninta. Ni kaɗai na gani.

A hanyar komawa Baffa ya dube ni ta madubin mota. "Uwata, magana ta dawo gare ki. A sa rana, ko a mayar?"

Waiwayen nan da ya yi wa dattijon bai bar raina ba. Da na faɗa, na san Baffa, ko gida ba za mu kai ba maganar ta mutu. Na ja mayafi na rufe fuskata.

"A sa, Baffa," na ce.