Ranar da Baba Ya Tauna Tuwo

Loma ta sake tsaya wa Baba a ƙirji, har da hawaye.

Likita ta ce ciwon gaɓoɓin da ya sandarar masa da yatsu ne ya taɓa hanyar abinci, dole ya riƙa taunawa.

Na ce, "Baba, don Allah ka tauna."

Ya harare ni. "Tuwon? Kakana ya noma dawa a Dayi tun kafin zuwan Turawa, jininsa bai taɓa tauna tuwo ba. Ni akuya ne?"

Jiya ya fuskanci bango yana taunawa a ɓoye. Sai mu ma muka hau taunawa, gida kamar turke.

Wallahi ba daɗi. Amma Baba ya juyo, ya cinye malmalarsa.

Ku fa, don wa za ku tauna tuwo?