Injin da Baba Ya Hana Ni

Jiya warin baƙin mai a Ƙofar Mazugal ya tuna mini da tsohon bakanikenmu da muke kira Baba, mai lumshe ido yana sauraren inji kafin ya taɓa shi.

Na taɓa kai masa tsohuwar motata, na ce, "Baba, babban inji nake so, mai gudu."

"Ina kake zuwa da ita kullum?"

"Asibiti, kai Inna wankin ƙoda."

"Da mara lafiya za ka yi tsere? Wanda zai tashi bugu ɗaya kake buƙata."

Na tafi ina fushi, shi kuwa ya gyara tsohon injin. Har Inna ta rasu, motar ba ta taɓa tsayawa da mu a hanya ba. Ban koma na gode masa ba. Allah Ya haskaka kabarinsa.